Gwajin sankarar huhu ga mashaya sigari masu ɗauke da HIV

Gwajin sankarar huhu da wuri shi ne ɗaukar hoton ƙirjin mutum da na'urar CT mai ƙarancin tururi tun bai fara jin alamun ciwo ba, domin a gano ƙari yana ƙarami, lokacin da tiyata za ta iya cire shi. Mashaya sigari masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV suna cikin waɗanda aka fi tattauna amfanin gwajin a kansu.

Dalili

Tun da magungunan rage kaifin HIV suka yaɗu, masu cutar suna yin tsawon rai, sai sankarar huhu ta zama ɗaya daga cikin manyan cututtukan daji da ke kashe su a Amurka da Turai. Shan sigari ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Raunin garkuwar jiki da yawan ciwon huhu ma suna ƙara haɗarin, kuma sankarar takan kama su da ƙarancin shekaru.

Bincike

Binciken NLST na Amurka, mai mahalarta fiye da 53,000, ya nuna a shekarar 2011 cewa hoton CT ya rage mace-macen sankarar huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. A Faransa, wani binciken hukumar ANRS da aka wallafa a 2016 ya duba mashaya sigari 442 masu HIV, 'yan shekara 40 zuwa sama. An gano sankara a jikin 9, kuma 6 daga cikinsu tana matakin farko.

Waɗanda ake yi wa gwajin

Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ba da shawarar yin gwajin duk shekara ga 'yan shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwali ɗaya, wato kara 20, kullum na tsawon shekara 20, ko suna sha har yanzu ko sun daina cikin shekara 15 da suka wuce. Wasu masana na ganin ya kamata a sassauta wannan sharaɗi ga masu HIV.

Matsaloli

Tarin fuka da sauran cututtukan huhu sukan bar tabo mai kama da ƙari a hoto, abin da kan jawo fargaba da ƙarin gwaje-gwaje. Gwajin ba ya hana kamuwa da sankara. Daina shan sigari ne ya fi rage haɗarin.