Gadon baƙo a tsohuwar Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder gari ne na baƙi. Sarki da fadawansa suna Birni cikin ganuwa, Abzinawa masu raƙuma suna sauka a Zango, Larabawan Gadamas da Tarabulus kuwa suna sayen fatu da gashin jimina. Da yawansu ciniki ya kawo su, suka yi aure, suka gina gida, har ajali ya riske su nan.

Rasuwar irin wannan mutum babban aiki ce ga alƙali, gama gida biyu gare shi: iyali a Zinder, waɗansu kuma bayan hamada. Dukiyar ma a warwatse take, raƙuma bisa hanya, kaya a Kano, bashi a hannun abokan ciniki. Alƙali yana bin mazhabar Malikiyya kamar yadda ta zo cikin Risala da Muhtasar. A fara da likkafani, a biya bashi, a cika wasiyya, kana a raba saura. Nisa ba ya hana gado: ɗan da ke Gadamas rabonsa ɗaya da na Zango, matan aure kuma su raba tumuni tsakaninsu in akwai ƴaƴa. Amma labarin mutuwa sai ya yi watanni tare da ayari. In babu magaji, dukiya ta shiga baitulmali, wato hannun sarki. Kuma a wannan nisa, wanda ba shi da magaji da wanda ba a san magadansa ba, kusan makomar dukiyarsu ɗaya ce.

Nan ne wasiyya ta yi wa baƙo rana. Shari'a ta ba shi ikon sulusi kaɗai, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Wannan sulusin ne ke isa ga waɗanda rabo ya tsallake. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta tana samun ƴanci ran da ya mutu, ɗanta ya ci gado daidai da ɗan matar aure, ita kuwa ba ta da ko anini sai abin da aka ambata mata gaban shaidu. Haka ƴantaccen bawa, haka mai masaukin da ya yi shekaru yana riƙe masa amana. Abzinawa suna da tasu dabara: tun da rai mutum kan keɓe wa ƴaƴansa mata dabbobi, don kada su shiga rabo.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ayarin hamada ya durƙushe. Bayan samun mulkin kai, dokar 1962 ta tsarin shari'a a Nijar ta bar gado da wasiyya ƙarƙashin al'adar masu ƙara, alƙali yana zama tare da masana al'ada. Yanzu kuwa ƴan Damagaram ne ke baƙunci a Kano, Sabha da Tamanraset, suna da iyali can, ga gona nan gida wadda ba a riga an raba ba.