Ƙura a cikin idon kyamara: yaushe ya kamata mai ɗaukar hoto ya damu?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk mai ɗaukar hoto a Matamaye ya san halin da ake ciki: ka goge kyamara da safe, kafin azahar ta yi furu-furu. Yawancin hazon nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda ƙasan wani tsohon tafki da ya ƙafe ta zama gari. Iskar hunturu ke kwaso shi ta ratso jihar Damagaram, kuma saboda laushinsa ba ƙofar da ke tare shi.

Hankalin mai sana'a yakan tashi ne ranar da ya haska fitilar waya cikin idon kyamararsa, wanda ake kira objectif da Faransanci, ya hango ɗigo-ɗigon ƙura can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ta ina ta bi? Ido mai zum ba gilashi ɗaya ba ne, jerin gilasai ne, sau da yawa fiye da 10, wasunsu na matsawa gaba da baya. In ka murɗa shi ya miƙe sai ya zuƙi iska, in ka mayar ya fesar da ita, kamar dai zugazugin maƙeri. Iskar ta fita, ƙurar ta zauna. Ko masu tsada da aka yi wa zoben roba ba su tsira gaba ɗaya ba.

Sai dai wannan ƙurar da wuya ta fito a hoto. Ta yi nisa da inda haske ke haɗuwa ya zama hoto, don haka ba ta barin tabo. Sai ta taru sosai ne take sa hoto ya ɗan dusashe, musamman in an fuskanci rana. Baƙaƙen ɗigon da ke ɓata hoton amarya kuwa, galibi a kan capteur suke, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamarar. Gwajin ba wuya: sa buɗin ido a f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango. Idan ka canza ido kuma ɗigon na nan inda yake, to ba laifin ido ba ne.

Shi ya sa nake ganin babban kuskure shi ne a kai wa mai gyaran waya ya kwance shi. Gilasan an jera su ne da awo na ƙasa da milimita. Ɗaya ya goce kaɗan, hoto ya daina kaifi ke nan, kuma kuɗin sabon ido ba na aikin biki ɗaya ko biyu ba ne. Sai in zum ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan a nemi ƙwararren mai gyaran kyamara a Damagaram ko Kano.

Ainihin ɓarnar a waje ake yin ta, da bakin riga ko gefen rawani. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, in ka goga a bushe ka karce siririn shafen da ke kan gilashin, kuma wannan ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, ba da baki ba, don yawu. Sannan buroshi mai laushi, daga ƙarshe ƙyalle irin na goge tabarau, a ɗiga ruwan gogewa a kan ƙyallen, a zagaya daga tsakiya zuwa gefe. Filta a gaban ido tana da amfani a nan: in ta karce, ita kaɗai za a sake.

Wanda zai je filin kokowa ko hawan salla ya zaɓi idonsa tun daga gida. In canji ya zama dole, a shiga ɗaki, a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa. A kuma goge jikin zum kafin a mayar da shi ciki.

Abin da ya fi ƙura haɗari yana zuwa ne da damina. Laimar Yuli da Agusta na sa fumfuna ta tsiro cikin ido kamar yanar gizo-gizo, ta ci shafen gilashin. Ƙananan ƙunshin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a daina zubar da su, a zuba su cikin jakar kyamara.