Daga motar kara zuwa digiri: Abin da baje-kolin ɗaliban zane a Zariya ke tuna wa manya

Idan shekarar karatu ta zo ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane da sassaƙa kan baje ayyukansu domin malamai su duba su ba da maki. Iyaye, abokai da masu wucewa a harabar Samaru su ma kan leƙa kallo.

Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne kayan aikin. Ban da fenti da siminti, akan ga tsofaffin ƙarafa, gwangwani, waya, tsumma da yumɓu, an harhaɗa su sun koma doki ko tsuntsu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane wannan aiki. Shi ne abin da yaro ke yi in ya samu karan dawa bayan girbi: ya ɓare shi, ya ƙera mota har da tayoyi, ya ɗaura zare yana ja. Ko ya kwaɓa laka a bakin rafi ya gina sa mai tozo da ƙaho. Bambancin kawai shi ne a Samaru ana shafe shekaru ana koyonsa, a ƙarshe a ba da digiri.

Sau da yawa babban da ke kora yaro daga wasan ƙasa da cewa "tashi ka yi abin kirki", shi ne zai tsaya gaban irin wannan aiki yana murmushi, yana tuna motar da ya taɓa ƙerawa.

Tawayen 1958

Komawa ga abin gida ba sabo ba ne a wannan sashe. A 1958, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wasu ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya.

Sun ƙi yarda su tsaya ga kwaikwayon salon Turawa kaɗai, suka ce kowa ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya taso ya gani a garinsu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya kuma ga tatsuniyoyin Urhobo. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Kwalejin ta zama ɓangaren jami'ar da aka buɗe a 1962.

Inda wasa ya yi ƙaranci

Ga mutumin Birnin Gwari, wannan kallo yana da wani nauyi daban. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna fitowa daga dajin Kamuku da kewaye sun raba ƙauyuka da yawa da gonaki da makarantu. Sun kuma raba yara da dandali: gaɗa a farin wata, langa da wasan ɓuya duk suna bukatar iyayen da hankalinsu ke kwance.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Motocin dabbobi da na hatsi su ne ma'aunin da aka fi ambato. Akwai wani ma'aunin da iyaye suka fi sani: ko yaro zai iya kaiwa bayan isha'i yana wasa a ƙofar gida ba tare da an ƙwala masa kira ba.

Abin da ake yi a Samaru bai fi ƙarfin firamaren Magajin Gari ba. Kara da laka kyauta ne. Malami zai iya ware rana guda a ƙarshen zango, yara su jera abin da suka ƙera a kan benci, a gayyato iyaye su zo su gani.