Kashe Gobara Farilla Ce A Kan Jama'a: Ina Tanadin Tsafe Da Bunguɗu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a kowace shekara idan kaka ta wuce hunturu ya kama, garuruwanmu na ƙasar Tsafe sukan cika da albarka, su kuma cika da haɗari a lokaci guda. Rumbuna sun cika da dawa da gero, an jibge kara da harawa a kan rufin ɗakuna, dangogi da zanaki sun bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa dare da rana. A irin wannan lokaci garwashi guda da aka shiga da shi ɗaki domin jin ɗumi ya isa ya cinye unguwa. Idan kuwa abin ya auku, abin da muka saba ji shi ne, "Ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri." Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta dace da bakin mumini bayan masifa. Amma fa ba ta ɗauke mana tambayar da shari'a take yi mana tun kafin masifar ba, watau, wane tanadi muka yi?

Ba da nisa za mu je neman wa'azi ba. A watan Fabrairu na 2025, a Ƙauran Namoda, wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo, almajirai 17 suka rasu. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. 'Yan kasuwa kuma ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba, da ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, duka biyun a 2021. To, waɗannan uku na ƙarshe manyan birane ne masu motocin kwana-kwana a kusa. Ina ga garin da sai an kira taimako daga nesa?

Mu dubi inda muke. Tsafe tana kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Gusau, Bunguɗu kuma tana kan wadda ta wuce daga Gusau zuwa Sakkwato, tankokin mai suna ratsa su kullum. Daga Gusau zuwa Tsafe kimanin kilomita 50 ne. Babbar mota mai ɗauke da ruwa ba ta gudu kamar ƙaramar mota, kafin a sanar, a tashi direba, a wuce Kwatarkwashi a iso, sa'a guda ta kusa cika, alhali wutar kara ba ta bukatar rabin wannan. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta sa mutane suke tsoron wannan hanya da dare, gobara kuwa ta fi yin ɓarna da dare. Ko da an ajiye mota a cikin garin, magana ba ta ƙare ba. Ruwan da take ɗauka lita dubu kaɗan ne, idan aka buɗe mesa sosai cikin 'yan mintoci ya ƙare. Daga nan sai a koma neman inda za a sake cikawa, kuma a rani wannan shi ne babban tashin hankali. Mun sha ganin jama'a suna jifan 'yan kwana-kwana domin sun makara ko ruwansu ya ƙare. Wannan zalunci ne. Mutumin da aka aika yaƙi ba a ba shi guzuri ba, ba shi ne abin zargi ba.

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Gobara tana cin biyu daga cikinsu kai tsaye, rai da dukiya. Ceton wanda halaka ta fuskanta kuwa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari, duk wanda yake da iko ya yi laifi. Akwai kuma ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka mota, da manta, da ruwanta, da albashin mai tuƙa ta, duk sun shiga cikin wannan farilla.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya kira wuta maƙiyiya, ya yi umurni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. Bai tsaya ga ta'aziyya ba, ya ba da doka. Kai, Masallacinsa mai alfarma ma ya taɓa ƙonewa a shekara ta 654 bayan Hijira, sanadiyyar wutar fitilar wani mai hidima, ya sake ƙonewa a 886 da tsawa ta faɗa kan hasumiya. Idan alfarmar wuri tana hana wuta ci, da ba ta taɓa can ba. Wanda ya ce tanadi yana rage tawakkali, sai ya tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya juya da jama'arsa bai shiga Sham ba saboda annoba, ya nuna cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar Allah.

To, wa zai biya? A nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne ake yawan kuskure. Nauyin farko yana kan hukuma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi da tsare garuruwa cikin ayyukan shugaba. A tsarin ƙasar nan akwai hukumar kashe gobara ta tarayya wadda dokar 1963 ta kafa, amma aikin yau da kullum a cikin jiha yana hannun gwamnatin jiha. Jihar Zamfara, tun da aka cire ta daga Sakkwato a 1996, ƙananan hukumomi 14 gare ta, kuma wanda yake zaune a ƙauyen Tsafe haƙƙinsa a baitulmali daidai yake da na wanda yake zaune a Gusau. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk hanyar da kuɗin ya biyo, ba mu ga uzurin ƙaramar hukumar da take karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, amma ba ta ajiye ko tanki ɗaya na ruwa a cikin kasuwar ba.

'Yan'uwanmu ma'aikata, ku ne kuke rubuta kasafin kuɗi. Kun fi mu sanin cewa sayen sabuwar mota yana da daɗi, domin ana taro a yanke ƙyalle, amma kuɗin taya da batir da mai na kowane wata ba mai yi masa kiɗa. Wanda aka ba kuɗin man motar kashe gobara ya karkatar da shi, ya sani ba kuɗi kaɗai ya ci ba, akwai rayuka a cikin abin da ya haɗiye.

Wasu masu kyakkyawar niyya sukan ce, tun da jiharmu ta ƙaddamar da shari'a a 1999 kuma tana da hukumar Zakka da Wakafi, me zai hana a sayi motocin da kuɗin zakka? Mu dai a fahimtarmu ta mazhabar Imam Malik, wannan bai inganta ba. Allah Ya ƙayyade masu cin zakka kashi takwas a Suratut Tauba, kuma Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya hana a kashe ta ko wajen gina ganuwar gari. Zakka tana da wurinta bayan gobara: ɗan kasuwar da ya kwana da dukiya ya wayi gari matalauci, ko bashi ya rufe shi, ya cancanta, kuma hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito ya halatta wa wanda masifa ta share dukiyarsa ya nemi taimako har ya tsaya da ƙafarsa. Amma tanadin da ake yi kafin gobara, ƙofarsa wakafi ce. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, kuma ba mu san bambanci tsakanin ruwan da ya kashe ƙishirwa da ruwan da ya fid da yaro daga wuta ba.

Attajiranmu, Allah Ya saka musu, suna son gina masallaci, har a sami uku a layi ɗaya. Muna roƙon wanda ya yi niyyar na huɗu ya haƙa rijiyar burtsatse a gefen kasuwa, ya ɗora babban tanki mai faffaɗan baki wanda motar kwana-kwana za ta iya cika cikinta da sauri, ya kuma tsayar da rumfa biyu ko uku waɗanda kuɗin hayarsu zai riƙa gyaran injin. Sharaɗin rumfunan nan ba ƙarami ba ne, domin rijiyoyi nawa muka gani an buɗe su da kabbara, bayan shekara guda sun zama wurin ɗaure awaki.

Akwai kuma abin da bai bukaci attajiri ba. Shugabannin kasuwa su hana gina rumfa a kan hanyar da mota za ta bi, su fitar da masu sayar da fetur a jarka daga tsakiyar masu atamfa da hatsi, su sa mai gadi ya tabbatar an kashe wuta da janareto kafin a tashi. A zaɓi samari daga kowane layi, a gayyato ma'aikatan kwana-kwana daga Gusau su koya musu cewa ba a zuba wa wutar fetur ko ta lantarki ruwa, sai yashi ko tukunyar kashe wuta. Malaman tsangaya kuma, mu da muke riƙe da amanar 'ya'yan mutane, mu duba ɗakin da almajirai suke kwana: ƙofa nawa gare shi, ina aka jibge karan da ake hura wutar karatu, kuma wane babba ne yake kwana kusa da su.