Masar: Masu wanke hoto na Arba wa Nus sun koma karɓar aiki ta intanet

A unguwar Arba wa Nus da ke gabashin birnin Alƙahira, ɗan ƙaramin hoto mai farin bango a baya yana cikin abubuwan farko da baƙo ke buƙata kafin ya sami takardar izinin zama a Masar. Wannan ne ya sa har yanzu ƙananan shagunan hoto ke da kasuwa a unguwar, ko da yake hanyar da aiki ke isa gare su ta sauya ƙwarai.

Sunan unguwar na nufin "huɗu da rabi" da Larabci, domin tana wajen kilomita huɗu da rabi a kan hanyar Alƙahira zuwa Suwez. Ana kuma kiran ta Izbat al-Haggana, sunan da ta samo daga dakarun tsaron iyaka masu hawan raƙuma. Mazaunanta sun haɗa da Misirawa masu ƙaramin ƙarfi da 'yan Sudan da Sudan ta Kudu, waɗanda yawansu a Masar ya ƙaru tun ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023. Kusa da ita kuma akwai Hayyul Ashir, inda ɗaliban Jami'ar Azhar da dama daga Nijeriya da Nijar ke haya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi ba ya rabuwa da hoto. Ana neman sa wajen sabunta iƙama a ofishin fasfo na Abbasiyya, wanda aka mayar can daga ginin Mugamma na dandalin Tahrir a 2019, da wajen rajistar makaranta, da sauran takardun hukuma.

A da, mai hoto sai ya ɗauka a fim, ya kai ɗakin wanki, ya jira. Kamfanin Noritsu na Japan ne ya fito da ƙaramar na'urar wanke hoto cikin gaggawa a 1976, sannan Fuji ya fitar da na'urar Frontier mai aiki da kwamfuta a 1996. Kodak kuwa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar farko mara fim a 1975, ya nemi kariyar kotu saboda fatara a 2012. Daga nan fim ya ja baya, hoto ya koma cikin wayar salula.

A halin yanzu ta hanyoyi uku ake aika hoto zuwa wurin wanki. Ta farko ita ce WhatsApp, wadda kowa ya iya. Ta biyu ita ce manhajojin tura manyan kaya irin su WeTransfer da Google Drive, waɗanda masu ɗaukar hoton biki ke amfani da su idan hotunan sun kai ɗaruruwa. Ta uku kuma ita ce manhajar oda, inda mai aiki zai zaɓi girman hoto da adadi da irin takarda, manhajar ta lissafa kuɗi, ta ba aikin lamba, ta jera shi a layin na'ura. Shagon da ba shi da babbar na'ura kan tura aikin ga wanda ke da ita, ya karɓo a wanke. Biyan kuɗi ma yana yiwuwa ta waya, ta Vodafone Cash ko InstaPay, tsarin da aka ƙaddamar a 2022 a ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Masar.

Sai dai kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta fi ɓata aiki. Hoto na kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Saboda haka hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 da 1,800, na bango mai inci 8 da 12 kuma 2,400 da 3,600. WhatsApp kan matse hoto don rage cin data, har tsawonsa ya dawo kimanin ɗigo 1,600. A fuskar waya ba a ganin aibin, amma a takarda sai fuska ta fito dishi-dishi. Ko da yake kamfanin ya ƙara zaɓin tura hoto mai inganci a 2023, hanyar da ta fi tabbas ita ce a tura shi a matsayin takarda, domin a nan ba a taɓa shi.

Wannan asara ba ƙarama ba ce ga mai shago. Takardar hoto da tawada da kayan gyaran na'ura daga waje ake sayo su, kuma a watan Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dalar Amurka. Duk hoton da aka wanke aka ƙi karɓa, daga aljihun mai shago ya fita. Manhajar oda tana rage irin wannan gardama, domin wasu daga cikinsu kan yi gargaɗi idan hoto ya yi ƙanƙanta da girman da aka zaɓa. To amma da yawansu da kuɗin waje ake biyan hayarsu, abin da ya fi ƙarfin shago mai ɗaki ɗaya.

Akwai kuma batun amana. Kwamfutar mai hoto kan tara hotunan fasfo da na takardun 'yan gudun hijira, da hotunan matan aure na cikin gida a wurin biki. Masar ta kafa dokar kare bayanan mutum mai lamba 151 a 2020, Nijeriya ma ta yi tata a 2023, amma doka ba ta goge hoto daga wayar yaron shago. Mai kai aiki yana da ikon ya nemi a goge nasa a gabansa.

Sauyin dai ya kai har gida. A shekarun baya ɗalibin Azhar sai ya jira mai tafiya kafin hotonsa ya isa hannun iyayensa. Yanzu kuwa yana iya tura shi da safe daga Hayyul Ashir zuwa wani shago a Kano ko Maraɗi, ƙaninsa ya karɓo shi a wanke kafin Magariba, muddin an tura shi da cikakken girmansa.