Lebura a Wurin Gini: Abin da Ya Kamata Ka Duba Kafin Ka Kama Aiki

Aikin titin Zariya zuwa Kano da ya ratsa Kwanar Dangora, da layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, sun samar wa matasan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa abin yi. Sai dai sau da yawa ƙaramin ɗan kwangila ne ke ɗaukar lebura, bayan babban kamfani ya yanka masa wani ɓangare na aikin. Babban kamfanin kan tura jami'in kula da tsaron lafiya ya binciki ƙananan 'yan kwangilar, amma kai ma kana iya yin naka binciken.

Ƙura. Fasa dutse da yankan kankare na tayar da ƙura mai laushi da ke maƙalewa a huhu ta bar tabo. Ciwon kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ɗaure hanci da ƙyalle ba ya tare ta. Ana yayyafa ruwa a wurin? An ba ka takunkumin N95?

Rami. Ramin da ya kai ƙirjinka, ba a tokare gefensa ba, na iya rufta maka, musamman da damina. Kada ka shiga.

Kayan kariya. Hular kwano, takalmin but, safar hannu da abin toshe kunne. Idan sai ka ɗaga murya na kusa da kai ke jin ka, ƙarar ta isa cutar da kunne.

Suna a takarda. Tabbatar an rubuta sunanka cikin ma'aikata. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar NSITF. In ka ji rauni, kai ko iyalanka ku sanar da mai aikin cikin kwana 14, ku adana katin asibiti.

Garzaya asibiti idan:
- ka yi amai, jiri ko barci mai nauyi bayan buguwa a kai
- ƙusa ko rodi ya soke ka, don allurar rigakafin sarƙewar haƙora
- tari ya wuce mako 2. Gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati

Faɗa wa likita irin aikin da kake yi, ko da ka bar shi tun tuni.