Injin iska na mota: yadda ake kula da shi

Yau za mu yi bayani a kan wani ƙaramin inji da ake raina wa, alhali rai na iya rataya a kansa. Shi ne injin iska, wanda makanikai ke kira kwamfuresa.

A ƙasar Dakoro mun san halin hanyoyinmu. Daga Kornaka zuwa ƙauyuka, daga kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, mafi yawan tafiya cikin rairayi ake yin ta. Motar da ke kai gero da wake kasuwa, ita ce sau da yawa ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Dakoro. In abin ya yi tsanani, a wuce da ita Maradi, tafiyar sama da kilomita 100. Motar da ta tsaya a daji don rashin iska, ta tsaya da majinyaci a cikinta.

Mene ne aikinsa?

Injin yana zuƙo iska daga waje, ya matse ta, ya tura ta cikin tanki ko cikin taya. Muna samun sa a wurare 4. Akwai babba, mai tanki, a rumfar mai faci. Akwai ƙarami, wanda ake haɗa wa da batirin mota. Akwai na manyan motoci, wanda ke ba birki iska. Akwai kuma na motocin da ke zaune a kan jakunkunan iska na roba, maimakon sifirin na ƙarfe.

Irin na huɗu ya shigo motar Range Rover a 1992. Injin ne ke cika jakunkunan, motar ta ɗaga ko ta sauka. Yawancin Land Cruiser da Hilux da ke ɗaukar kaya a hanyoyinmu sifirin na ƙarfe gare su. Amma duk injinan nan abokan gābarsu ɗaya ne.

Abokan gāba 3

Na farko ƙura. Injin yana da matata a bakinsa. Lokacin hunturu ƙura na toshe ta da sauri. In ta toshe, injin ya yi ta wahala bai samu iska ba. In kuma ta yage, rairayi ya shiga ya cinye zoben da ke matse iskar.

Na biyu ruwa. Iska tana ɗauke da laima, musamman da damina. Idan aka matse ta kuma ta huce, laimar sai ta zama ruwa, ta kwanta a gindin tanki. Ruwan yana kawo tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani.

Na uku yoyo. Ƙaramar huda a tiyo ko a jakar iska tana sa injin ya yi ta aiki ba hutu. Daga nan ya yi zafi, ya ƙone. Shi ya sa wanda ya sayi sabon inji bai toshe yoyo ba, kuɗinsa ya zubar, domin sabon ma zai bi sawun tsohon.

Yadda za mu gane ciwo

Idan injin ya ƙi tashi sam, kada a yi saurin kwance shi. A duba batir da kan waya tukuna, sannan a duba fyus. In fyus ya ƙone, a sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada a ɗaura waya a madadinsa, domin haka ke jawo gobara.

Idan yana aiki amma iska ba ta taruwa, a duba matata. Bayan haka a dama sabulu cikin ruwa, a shafa a tiyo da duk mahaɗa. Inda kumfa ya taso, nan ne yoyo yake. In babu yoyo, wataƙila zoben ciki ne ya cinye, sai a kai wa bakanike.

Idan mota mai jakar iska ta kwana daidai, da safe aka iske ta karkace gefe ɗaya, jakar wannan gefen ko tiyonta na yoyo. A gyara tun injin bai ƙone ba.

Idan injin ya ƙi tsayawa, a kashe shi, a nemi yoyo. In ba a samu ba, wataƙila makunninsa ne ya maƙale.

Abin da za a riƙa yi

1. A buɗe ƙaramin famfon da ke gindin tanki kullum bayan aiki, ruwa ya fita.
2. A kakkaɓe matata kowane mako, a sauya ta in ta yage.
3. Injin da ke shan mai, a duba mansa kafin a tada shi.
4. Ƙaramin inji na batir, a yi aiki da shi mota na kunne. In ya yi zafi, a bar shi ya huce.
5. Direban babbar mota kada ya tashi sai agogon iska ya cika. Birkin iska ba ya kamawa sosai in iskar ta yi ƙasa.

Direbobinmu sun san dabarar rage iskar taya a cikin rairayi, don tayar ta baje, motar kada ta kafe. Dabara ce mai kyau. Amma da an hau hanya mai tauri, wajibi ne a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska tana yin zafi in ana gudu, har ta fashe.

Mu kiyaye lafiyarmu

Iskar da aka matse tana da ƙarfi ƙwarai. Kada a busa ta a jikin mutum, ko da wasa ne, ko don kaɗe ƙura. Tana iya lalata ido da kunne. Tankin da tsatsa ta huda, kada a yi masa walda, a yar da shi, domin yana iya fashewa. Wajen cika babbar taya, a tsaya daga gefe, a kori yara. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota mai jakar iska sai an tokare ta da abu mai ƙarfi, domin in iskar ta fita, motar za ta sauka a kansa.

Muna kira ga kwamitocin da ke kula da motar ɗaukar majinyata, da ƙungiyoyin manoma masu mota. A tambayi direba kowane mako: an zubar da ruwan tanki? An duba matata? Akwai famfon hannu ko na ƙafa a cikin mota, saboda ranar da injin zai ƙi? Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan bayani, ya karanta wa direba da mai facin garinsu.